Gwajin ƙwayoyin gado da yawu: ya yi ƙoƙari, amma da saura

Mai ɗakina 'yar Japan ce, kuma mahaifinta, siririn mutum da ko tumbi ba shi da shi, ya daɗe yana fama da ciwon suga. Shi ya sa ta sayi irin gwajin nan na ƙwayoyin gado da ake tallatawa a intanet a nan Japan. Kwali ya zo, ka tofa yawu a 'yar kwalba har ya kai layi, ka mayar ta gidan waya. Cika kwalbar ma aiki ne, sai da ta yi ta murza kumatu. Bayan wasu makonni sakamako ya shigo waya.

Abin da ya burge ni, da 'yan ƙasarta aka auna ta, ba da Turawa ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. TCF7L2, ƙwayar da aka danganta da ciwon suga a 2006 kuma ta fi tasiri a jikin Turawa, ba kasafai ake samun nau'inta mai haɗari a mutanen Japan ba. Wadda ta fi ɗaukar hankali a nan ita ce KCNQ1, da masu binciken Japan suka gano alaƙarta da cutar a 2008. Ita ba ta sa jiki ya ƙi jin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, rage yawan wanda jiki ke fitarwa take yi. Da ɗan kitse ya taru a ciki sai suga ya hau, ko mutum bai yi ƙiba ba. Sai a nan na fahimci lamarin surukina.

A ɓangaren ƙin jin insulin ɗin ne masu gwajin suka sare min gwiwa. Sun ambaci ƙwayar adiponectin da ADRB3, suka ɗora jar alama, suka ce a rage shinkafa a riƙa tattaki. Wa ye bai san wannan ba? Likita kuwa jini ya ɗiba da safe kafin ta karya, ya lissafa HOMA-IR, wato ma'aunin ƙin jin insulin, daga suga da insulin, ya ce a nan daga 2.5 ake fara damuwa. Nata bai kai ba. Ya auna ƙugunta kuma, bai kai santimita 90 da aka gindaya wa mata ba.

Ni ban tofa ba. Takardar cikin kwalin ta ce alƙalumansu na 'yan Japan ne, ba lalle su dace da ɗan Afirka ba.