Sharhi Kan Ƙwayoyin Maganaɗisu Masu Ɗauke da Amilas

Na gwada waɗannan ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe da aka ɗaura wa enzayim ɗin amilas (wani sinadari mai narkar da sitaci ya zama sukari) a ɗakin gwajinmu da ke wajen Ringim, inda muke mayar da sitacin dawa sukari. Babbar fa'idarsu ita ce da an gama aiki sai a kara maganaɗisu a jikin kwalba, su taru gefe guda, a wanke a sake amfani da su, maimakon a zubar da enzayim mai tsada. Sun kuma fi jure zafi, abin da bazararmu ke buƙata. Sai dai saurinsu bai kai na sakakken enzayim ba, domin ɗaurin yana takura shi, kuma idan ba a motsa su sukan dunƙule.