Talla a cikin fim mai dogon zango: sharhin mai kallo daga Gusau

Na kammala kallon zango guda na wani fim ɗin Hausa da ake saki a YouTube kowane mako. Labarin ya yi ma'ana, 'yan wasa sun yi ƙoƙari, hoto ya fita tas. Abin da zan yi magana a kai shi ne talla, domin a nan fim ɗin ya burge ni, a nan kuma ya ɓata mini rai.

Sai an fahimci dalilin da ya sa furodusa ke cusa talla cikin fim kafin a yi masa hukunci. Kasuwar faifai ta mutu, an koma YouTube. Kafin tasha ta fara samun kuɗin talla a can, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ko ta samu, kashi 55 cikin 100 ne nata. Kuɗin da ake biya kan mai kallo a Najeriya bai kama ƙafar na mai kallo a Amurka ko Ingila ba. Ga kuma matsalar da ta fi shafarmu a Zamfara: mutane da yawa a Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara ba sa kallo ta intanet. Wurin masu tura fina-finai suke zuwa a zuba musu a memori, su kuma su tura wa 'yan gida ta Xender. Wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar tsawon makonni, ya san memori ne ya riƙe masu kallo. Fim ɗin da ya bi wannan hanya ba ya kawo wa mai shi ko sisi daga YouTube. Tallar da aka ɗinke a jikin fim ita kaɗai ke bin sa har ƙauye. Saboda haka ban ga laifin karɓar kuɗin masu ɗaukar nauyi ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Magana tana kan yadda aka yi askin.

Fitowar da ta fi kyau a duk zangon ita ce ta buɗe lefe. Mata sun cika falo, ana ɗaga atamfa ɗaya bayan ɗaya, wata gwaggo ta murza bakin zane tsakanin yatsunta, ta kai hanci ta sunsuna, ta ce, "Wannan ba ta zuba." Sunan shagon yana jikin leda a gefen akwati, kyamara ta bi ta kansa sau biyu, daƙiƙa biyu zuwa uku kowane karo. Babu wanda ya kalli kyamara, babu wanda ya karanta lambar waya. Rigimar da ke tsakanin dangin ango da na amarya ta ci gaba a kan kayan, har ingancin atamfar ya zama abin da ake yi wa juna gori da shi. Mai shago ya samu abin da ya biya, mai kallo bai rasa komai ba, domin haka mata ke duba lefe a gidajenmu. Alama ce an kawo maganar tallar tun ana rubuta labari.

Kishiyar wannan ta zo a tsakiyar zango. Ana cikin tashin hankali, an kori yarinya daga gidan miji, sai aka yanke zuwa wani ɗaki inda jarumar ke zaune da ƙawarta, robar magani a hannu, an juyo da takardar jikinta saitin kyamara. Kusan minti huɗu suna lissafa cututtukan da yake warkarwa. Mayafin jarumar ya canza launi, hasken ɗakin ya fi na sauran fim ɗin fari, sauti ya ɗaga har sai an rage murya. Duk wanda ya san aikin fim ya san abin da ya faru: an gama ɗauka, an tashi daga lokeshan, sannan kuɗin mai magani ya shigo, aka kira 'yan wasa biyu aka ɗauki fitowar a rana guda, mai tacewa ya nemi inda zai liƙa ta. Ba a daidaita launi ba, ba a daidaita sauti ba, ba a duba kayan da ta sa a fitowar baya ba. Da aka dawo kan labari, tausayin yarinyar ya riga ya huce.

Wannan minti huɗun ba kyauta mai kallo ya same shi ba. Awa guda a kan 360p, wato ƙaramin ingancin hoto, takan ci kimanin megabayit 300, ga kuɗin cajin waya. Tallar YouTube aƙalla tana bari a tsallake yawancinta bayan daƙiƙa 5, ita kuwa wannan sai dai a yi ta danna gefen dama na allo sau biyu, ana tsallake daƙiƙa 10, ana tsoron wuce inda labari ya ci gaba.

Rubutun da ke gudana a ƙasan allo ma ya yi ɓarna, don yana hawa kan fassarar Turanci, ba a karanta ko ɗaya. Sannan an sa ɗan wasa ya faɗi farashin fili da bakinsa, alhali fim zai shekara da shekaru a intanet, farashi kuwa ba ya wata shida bai motsa ba.

Tallar maganin ce ta fi damuna, kuma ba don ta katse labari kawai ba. Mutanenmu suna yarda da fuskar da suka sani. Uwar da ta ga jarumar da take ƙauna tana rantsuwa cewa roba guda na maganin basir, sanyi, hawan jini da ciwon suga, za ta iya ajiye maganin asibiti. Dokar ƙasa ta ce sai NAFDAC ta yi wa magani rajista, kuma ta amince da tallarsa, kafin a yaɗa. Dokar 2022 da ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ta ce a tantance talla kafin ta fita. A wannan fitowar ban ga lambar rajista ba, ban ji an ce a tuntuɓi likita ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta fito da ƙa'ida a 2024 kan nuna taba sigari a fim, ya kamata irin wannan ido ya kai kan magunguna.

Haka kuma ba a sanar da mai kallo cewa an biya kuɗi ba. YouTube na da wurin da mai tasha zai danna, sanarwa ta fito a farkon bidiyo cewa akwai tallar da aka biya. A Ingila tun 2011 tashoshin talabijin ke nuna harafin P na daƙiƙa uku a shirin da ke ɗauke da irin wannan talla. Faɗin gaskiyar ba ya rage wa fim daraja.

Ga masu shirya fim, gyaran ba mai tsada ba ne. A kulle yarjejeniya da mai kaya kafin a fita ɗauka, a ba marubuci kayan ya nema musu gurbi. A dace kaya da mai riƙe su, kada 'yar aikin gida ta fito da turaren da ya fi albashinta. Lambobin waya su koma ƙarshen fim ko bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo, inda za a iya canza su. In dole sai an yi doguwar talla, a ware ta a fili kafin labari ya fara.

Fim ɗin ya cancanci kallo, kuma zan bi zango na gaba. Wanda zai kalla da iyali ya sauke shi da daddare lokacin da data ke da sauƙi, ya bar shi a 360p, in an zo fitowar magani ya tsallake, ya kuma gaya wa tsofaffin gida cewa biyan jarumar aka yi.