Karta ta roba ko ta takarda? Ga abin da na gani da idona

Ɗan'uwa mai tambaya kan wacce za ka saya wa majalisarku ta poker, ta roba ko ta takarda, ni dai ta roba zan ce maka ka saya, kuma kwali biyu, ɗaya bayanta ja ɗaya shuɗi. Bari in gaya maka dalili.

Ni a Garwa nake, nan Yelwa, amma shekarun baya na yi wa wani patron tuƙi a Duwala, shi kuma mutum ne mai son zuwa kazino a Akwa da dare, to wani lokaci in zaman mota ya ishe ni sai ya ce in shigo in zauna daga gefe. Ban taɓa sa ko dala ba wlh, kallo kawai nake, amma kallon nan ya koya min abubuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda mai rabon, krupiye suke ce masa, yake baza kartar gaba ɗaya a kan teburi a kife ya dinga cuɗa ta da tafin hannu biyu kamar mai wanki, sannan ya tattara ya cakuɗa, ya yanka, ya sa wani ɗan fallen roba mara zane a ƙasan don kada wani ya hango ta ƙarshe. Kafin ya buɗe ukun farko cikin karta biyar da ake buɗewa a tsakiya sai ya jefar da ɗaya a kife, haka kafin ta huɗu, haka kafin ta biyar. Na tambayi patron me ya sa ake ɓarnar nan, ya ce ai ko da wani ya gane bayan ta saman to ba ita za ta fito ba. Nan na fahimci duk tsarin ɗakin an gina shi ne kan abu ɗaya, kada kowa ya san karta daga bayanta. Kuma karta ɗin da ke jure wannan murza dare bayan dare ba ta yi alama ba, roba ce zalla. Akwai daren da wani ya ɗan lanƙwasa kusurwar guda ɗaya da farce, mai rabon ya ɗaga ta ya nuna, nan take aka kawo wani kwalin.

Da na dawo gida na taho da Copag saiti ɗaya mai kwali biyu a ciki. Kamfanin Burazil ne, an kafa shi a Sawo Pawulo a 1908, kuma an yi amfani da tasu a babbar gasar poker ta duniya da ake yi a Las Begas, wadda aka fara a 1970. Shekara ta biyar kenan tana hannuna. Ka san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, sama da 40, hannu duk gumi, ga mai shayi yana miƙo kofi ana karɓa da hannun da ake riƙe karta, ga ƙurar hunturu in lokacinta ya zo. Wata rana ƙanina ya kifar da kofin shayi cike a kan rabin kwalin, zuciyata ta yanke, na kwashe su na zuba a kwano da ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan, na goge ɗaya bayan ɗaya da tsumma na shanya a inuwa a kan tabarma, kafin la'asar mun ci gaba da wasa kamar ba abin da ya faru. Har yau in ka lanƙwasa ta ka saki sai ta miƙe tsaf. Yaran gida ma sun san ba a taɓa min ita.

Ta takarda kuwa, to, tana da araha kuma ranar farko tana da daɗin riƙewa, iyakar abin da zan ce kenan. Na taɓa sayen wata mai sheƙi a kasuwa, ko sati uku ba ta kai ba gefenta ya yi baƙi ya kumbura, sai manne wa juna take. Abin da ya fi ɓata min rai, as ɗaya ta samu ɗan karaya a kusurwa, wani abokinmu tela mai kaifin ido ya gane ta, duk sanda ta faɗo hannun wani sai ka ga yana murmushi ya ajiye nasa. A wasan da mutum ke riƙe biyu kacal a ɓoye sauran biyar suna fili, in an san ɗaya daga cikin biyunka ai an gama da kai. Rigima ta kusa raba mu a daren, kuma ba kuɗi muka sa ba fa.

Ba wai roba ba ta da nata ba. Sabuwa tana da santsi sosai, sai ka ga tana zamewa daga hannu, ku shimfiɗa bargo ko wani zane mai kauri kafin ku raba, bayan kwana kaɗan za ta zauna. Kuma kar ka bar ta a rana ko a gaban mota, zafi na iya lanƙwasa ta. Girma kala biyu ne, mai faɗi 63 mm da siririya 57 mm, tsawon duk ɗaya wajen 88. Ni siririyar nake da ita, ta fi sauƙin cakuɗawa, kuma in akwai dattawa a cikinku nemi mai manyan lambobi saboda hasken dare.

Yanzu maganar masu sayarwa, ko ba ka tambaya ba sai na faɗa. Da yawa za su miƙo maka kwali su ce roba ce, alhali takarda ce aka shafa wa roba a sama. Duba rubutun, in ka ga plastifiées ko plastic coated to takarda ce, wadda kake nema an rubuta 100% plastique ko 100% plastic. Rubutun ma ba ya isa don akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, ka ce a buɗe maka, ɗauki joka ka ɗiga mata ruwa a gefe ka ɗan jira, ta takarda za ta sha ta tashi, ka kuma duba bakin da kyau za ka ga kamar falle-falle ne aka manna. In ya ƙi buɗewa ka yi gaba abinka. Sannan ka ƙirga a gabansa. Nan ƙasar tamu kartar belot ta cika kasuwa, ita 32 ce, daga 7 zuwa sama, poker kuwa sai 52 banda joka. Wani ɗan kartiyenmu haka aka yi masa, sai da ya zo gida ya ga babu 2 babu 6. Ka lura ma ko harafin Faransa ne R, D, V ko na Ingilishi K, Q, J, duk ɗaya ne a wasa amma kada kwali biyun su bambanta. Masu tallar Facebook da WhatsApp da ke cewa turo ta Orange Money ko MoMo kaya na zuwa daga Duwala a bas, kar ka tura ko sefa ɗaya sai kaya sun zo hannu, ko ka sa wani naka da ke can ya gani da idonsa.

In za ka haɗa da jeton, wato 'yan fallayen nan masu kama da kwabo da ake sawa a madadin kuɗi, akwatin 300 ya ishe mutum shida ko bakwai. Kar mai butik ya ruɗe ka da cewa masu nauyin giram 11.5 su ne irin na kazino, yawanci roba ce da ƙarfe a ciki, na kazino na ainihi ba su ma kai wannan nauyin ba. Suna aiki dai, amma kar ka biya kuɗin da ba nasu ba.

Mu a majalisarmu jeton kawai muke rabawa daidai wa daida, wanda nasa ya ƙare ya koma gefe yana kallo, ba a sa ko sisi, mun san hukuncin caca a Ma'ida aya ta 90. Kuma na ga yadda ɗakin can yake, kowane zagaye gidan na cire kasonsa daga kuɗin tsakiya ko wa ya ci, na sha mayar da patron gida da asuba bai ce min uffan ba har mu isa. Ku ma ku tsaya a jeton don Allah.

Ka sayi robar. In ba ka samu ta kirki a Garwa ko Marwa ba, ba direban kamiyon da ka yarda da shi saƙo, masu hanyar Duwala zuwa Njamena kullum suna wucewa, ka ce masa ya ƙirga 52 kafin ya biya.