Yaya, ga labarin neman sunan mahaifin Hajiya a nan Ingila

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya Hajiya da jiki, ya yara da makaranta. Na yi shiru kwana biyu, aiki ne ya sha kaina, ga sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu kamar bayan isha'i. Amma aikin da Hajiya ta ɗora min ranar da zan taho ban manta ba, na je, kuma yau na ce bari in zauna in rubuta maka komai don ka karanta mata a hankali.

Ka san labarin yadda take ba mu shi, babanta ya bi fataucin goro zuwa Ikko, ya zauna wajen mutanenmu a Agege, daga nan ya samu aiki a jirgin ruwan Turawa tana goye a bayan Inna, sai yaƙin Hitila ya zo, wani da suka zauna tare ya dawo Kano ya ce jirginsu ya nutse. Shi ke nan, babu takarda babu gawa babu kabari. Mu kuma da muna yara mun ɗauka soja ne irin waɗanda aka kai yaƙin Bama, ashe ba haka ba ne, jirgin fasinja da kaya ne, ma'aikatansa farar hula ne, kuma wannan bambancin shi ne farkon abin da aka tambaye ni a nan don takardun soja daban na ma'aikatan jirgin kasuwanci daban.

Na fara da waya ta ina kwance a ɗaki. Akwai hukumar da ke kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ƙasashen renon Ingila, sunayen duka suna intanet, kyauta, ba rajista ba komai, ka rubuta suna ko sunan jirgi ya fito maka da ranar mutuwa da aikin mutum da inda aka rubuta sunansa. Wallahi Yaya sai da na tuna wahalar da muka sha a wancan ofishin lokacin da muke neman takardar filin Baba, zuwa bakwai, yau mai makulli baya nan gobe fayil ya ɓata jibi a kawo na goro. Nan mutumin da ya mutu shekara tamanin da suka wuce ka same shi kafin shayinka ya huce.

Kamfanin da ya riƙe hanyar ruwa tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma a lokacin sunansa Elder Dempster, shi ke ɗaukar gyaɗa da koko da manja da wasiƙu da Turawan mulki, kuma yana ɗaukar ma'aikata baƙar fata da yawa daga Saliyo da Gana da Najeriya, masu wanki, masu kicin, masu aiki a ɗakin inji. Jiragensa uku manya duk sun tafi a yaƙin. Accra, Jamusawa suka harbe shi daga ƙarƙashin ruwa ranar 26 ga Yuli 1940. Apapa, jirgin sama ya yi masa ruwan bam a Nuwamban shekarar. Sai Abosso, wanda ya fi tayar min da hankali, ya taso daga Cape Town zai je Liverpool shi kaɗai babu rakiyar jiragen yaƙi, ranar 29 ga Oktoba 1942 da dare aka harbe shi a tsakiyar tekun Atlantika can arewa da tsibiran Azores. Mutum 393 ne a ciki, 31 kawai suka tsira, a kwale-kwalen ceto guda ɗaya. In ka lissafa shekarun Hajiya da cewa tana goye, wannan shekarar ta fi dacewa.

Ranar hutuna sai na kama hanyar Landan. A nan ne zan gaya maka gaskiya, ba komai ne ya fi na gida ba. Kuɗin jirgin ƙasa a ƙasar nan azaba ne, in ba ka sayi tikiti tun da wuri ba abin da za ka biya na tafiyar awa biyu da ɗoriya zai kai ka Legas daga Kano ka dawo har da canji, dole na bi bas na dare. Abinci kuma kar ma a yi magana, burodi mai sanyi da ɗan ganye a tsakiya ka biya kuɗin da za ka ci masa da miyar taushe na sati a gida, kuma ka tashi da yunwarka. Babu mai ce maka bismillah, kowa kansa na cikin waya.

Wurin tunawa da su yana Tower Hill, kana fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ga shi nan. Lambu ne da aka yi shi ƙasa-ƙasa sai ka sauka matakala, an kewaye shi da bango, bangon duka allunan tagulla ne cike da sunaye, kusan 24,000 na yaƙi na biyu kaɗai, ga na yaƙin farko kusan 12,000 a ginin da ke gabansa. Duk mutanen da teku ce kabarinsu. An jera su jirgi-jirgi, sunan jirgi a sama, sai kyaftin, sai sauran bi da bi. Sarauniya Elizabeth ce ta buɗe ɓangaren a 1955 amma ka rantse bara aka yi shi, ciyawa a aske, tagulla a goge, babu mai gadi da zai tare ka babu kuɗin shiga. Da yake da harafin A ya fara ban sha wahala ba na sami Abosso. Na sa yatsa ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, tagullar sanyi kamar ƙanƙara, ga ruwa yana ɗan yayyafi, ina karantawa hawaye na zubo min ban ma sani ba. Na ɗaga hannu na yi masa addu'a a wurin, na yi wa duk musulmin da ke jikin bangon.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Sunansa yadda muka san shi babu. Akwai sunayen mutanen Afirka ta Yamma da yawa a ƙarƙashin jirgin, amma yawanci suna ɗaya ne da harafi ɗaya, kuma akawun Turawa na lokacin yadda kunnensu ya ji haka suke rubutawa, wani ma sunan da ya ga dama yake laƙaba wa mutum, wani ya karɓi littafin aikin wani ya shiga jirgi da shi. Akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai don in ka furta shi da sauri yana kama da nasa, na ɗauki hoto zan turo maka ta WhatsApp.

Washegari na tafi gidan adana takardun gwamnati da ke Kew, layin jirgi ɗaya ne da Tower Hill, mai launin kore. Nan ne na ga aiki. Ka kawo shaida biyu, fasfo da takardar da ke nuna adireshinka, su ɗauki hotonka su ba ka kati nan take ba ko sisi. Jaka a kabad, ba a shiga da biro sai fensir, ka zauna a kwamfuta ka nemi fayil, kafin awa ɗaya an ajiye maka shi a akwati mai lambar kujerarka, kuma ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Wata dattijuwa ma'aikaciya ta zauna da ni ta nuna min bambancin rajistar waɗanda suka mutu a teku da jerin ma'aikatan kowane jirgi na shekarun yaƙi, ba ta nuna gajiya ba duk da sau uku ina komawa wajenta. Ita ce ta ce min wasu katunan ma'aikata na kafin 1941 suna Southampton, wasu har da hoto, takardun kamfanin kuma suna gidan tarihin jiragen ruwa na Liverpool.

Da na riƙe takardun nan raina ya ɓaci ta wani ɓangaren. Har zuwa 1941 ranar da jirgi ya nutse ranar albashin ma'aikaci yake tsayawa, ko da yana kan ruwa yana neman ransa. Su Turawan ma haka aka yi musu, balle namu da dama albashinsu bai kai na Bature ba. Kuma hukumar kaburburan da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa fararen fata. Takarda suna da ita kuma suna riƙon ta da kyau, wannan ba musu, amma Inna ta zauna a Kano tana jiran mutum shekara da shekaru babu wanda ya aiko mata da layi ɗaya.

Yanzu abin da ya rage a hannunku yake. Don Allah Yaya ka zauna da Hajiya da safe lokacin da hankalinta yake kwance, ka kunna rikoda a waya, ka tambaye ta laƙabin da ake kiransa da shi a Ikko, da sunan mahaifinsa, da garin da zai ce an haife shi in an tambaye shi, da ko Inna ta taɓa faɗin wane aiki yake yi a jirgin, wanki ne ko girki. Kar ka katse ta ko ta shiga wani labarin, bar ta ta yi ta yi. Sannan tsohuwar adakar nan ta ƙarƙashin gadonta a duba, ko guntuwar takarda mai lamba ce a ɗaukar min hoto gaba da baya, don matar nan ta ce kowane ma'aikaci yana da lambar littafin aiki, in aka samu lambar an gama. In akwai tsofaffin danginmu a Agege a neme su.

Na turo ɗan abin da ya samu, a yi masa sadaka ranar Juma'a a sa malamai su yi addu'a, saura a saya wa Hajiya maganinta. Man zafi da rigar sanyin da ta ce suna wajen wanda zai taho ƙarshen wata, shi kuma in zai dawo a haɗo min kuka da daddawa da yaji, na nan shagunan ba su da ƙamshi ko kaɗan. Southampton sai hutu na gaba in Allah ya kai mu. A gaida kowa da kowa.