Yaron shagon da ya ƙi sayar min da kifi

Wata biyar kenan da na zuba kifi a tankin ruwan gishiri da na haɗa a falo, lita 120 ne, kuma ba wanda ya ja ni ciki sai 'yata Ummi da ta nace a sayo mata shuɗin kifin nan mai jela rawaya da take gani a katun, bulu tang. Na je wani shago a Wuse 2 na gan shi ɗan mitsitsi bai fi ɗan yatsa ba yana zagaya duwatsu, na ce a sa min a leda.

Sai yaron shagon ya ce "Yallaɓai tankinka lita nawa ne?" Ina faɗa masa ya girgiza kai wai shi gaskiya ba zai ba ni ba. Wallahi raina ya ɓaci, ni da kuɗina kuma yaro ƙarami zai min iyaka. Ya ware hannu ya nuna min, ashe abin nan yana kai santimita 30 in ya girma, kuma wuni yake yana gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai tanki mai tsawon ƙafa 6, lita 600 zuwa sama. In aka matse shi sai ya takura, fararen ɗigo su feso masa kamar an barbaɗa gishiri, ya shafa wa sauran. Ya ƙara da cewa lita 120 ɗin ma da nake tinƙaho da ita in aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye da kyar ruwan zai kai 100.

Abin da na dawo da shi wasu ƙananan kifaye biyu ne da ake kira kilawun, masu ruwan lemo da farin zane, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki ba kamun teku ba, da kyar suke wuce santimita 10 kuma in suka zaɓi lungu ɗaya shikenan can za ka same su kullum. Bayan sati biyu ya ce in dawo, ya ba ni wani kifi ɗaya wai shi royal girama, gabansa shunayya bayansa rawaya, yanzu ya mallake wani rami a dutse yana leƙe kamar maigadi. Ukun nan duk suna raye, murjanin da ke cikin tankin ma, wato halittar tekun nan mai kama da tsiro, ba wanda ya taɓa shi.

Inda masu shagon suka gaza min, ba wanda ya yi min maganar zafin Abuja. Ruwan nan digiri 24 zuwa 26 yake so, a watan Maris nawa ya haura 30 da rana ga NEPA sun ɗauke, na tura musu saƙo a WhatsApp sai washegari suka amsa. Ni da kaina na jona famfon tankin a inbata na ɗora ƙaramar fanka saman ruwan, kullum da yamma ina cike abin da ya ragu da tataccen ruwa mara gishiri. Farashinsu ma da zafi, komai sai a ce dala ce.

Ummi dai har yau in muka wuce ta Wuse sai ta tambaya ko shuɗin nan yana nan.