Sharhi kan Phan bayan na gwada shi a wani ƙarin MediaWiki

Ƙarin (wato guntun kod da ke ƙara wa MediaWiki, manhajar da ake gina wiki da ita, sabon aiki) da na gada daga wanda ya riƙe wikinmu kafin ni ƙarami ne: alama ɗaya yake ƙara wa shafi, wadda ke nuna akwatin sanarwa mai take da launi. An yi masa rajista ta setHook a cikin ParserFirstCallInit, wato hanyar da ake sanar da MediaWiki sabuwar alama, yadda ya kamata, yana da extension.json, fayil ɗin bayanan ƙari, irin wanda aka shigo da shi tun MediaWiki 1.25 a 2015, kuma ya daɗe yana aiki ba wanda ya koka, shi ya sa ban taɓa zarginsa da komai ba.

Phan manhaja ce da ke binciken kod ɗin PHP don gano kurakurai ba tare da ta kunna shi ba. Da na saka mediawiki-phan-config, wato Phan da saitunan MediaWiki, ta Composer, manhajar girka kayan PHP, na sake shi a kan kod ɗin, gargaɗin farko da ya fito shi ne SecurityCheck-XSS, wato akwai ɓarakar da za a iya cusa wa shafi mugun kod ta cikinta, kuma ya nuna layin kai tsaye. Ashe taken da mai gyara shafi ya rubuta ana manna shi cikin HTML ɗanye, alhali abin da irin wannan alama ta mayar ba ya bi ta matatar da ke tace sauran rubutun wiki. Na gwada da kaina: na cusa guntun JavaScript a wurin taken, na adana, sai ga shi ya tashi a burauza. Duk mai ikon gyara shafi zai iya yi wa masu karatu haka. Gyaran bai fi layi biyu ba, na koma ga Html::element wanda ke tsabtace rubutu da kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Phan yake bin sawun bayani tun daga inda ya shigo har inda ya fita, ko da ya ratsa ayyuka da dama. Da na yi zalama na ƙara htmlspecialchars, wanda shi ma tsabtace rubutu yake yi, a kan gyaran, ya sake tare ni da SecurityCheck-DoubleEscaped, wato an tsabtace rubutun sau biyu, kuma gaskiyarsa ce.

Sai dai iyakarsa a fili take. Ƙarin yana kiran updateCacheExpiry da sifili, wato duk shafin da ke ɗauke da akwatin sai an sake sarrafa shi a kowace ziyara, kuma Phan bai ce uffan ba, domin wannan ba kuskuren kod ba ne, rashin tsari ne. Wannan sai da na karanta fayil ɗin layi-layi na gano shi, kuma yanzu haka nake yi kafin in amince da kowane sabon gyara.