Bututun iska na kamfanin SHS don bindigar airsoft (bindigar wasa mai harba ƙananan ƙwallayen roba) ƙirar M4

Da sifirin mai lamba M120 (wanda ke tura fistan), ƙwallo mai nauyin giram 0.20 kan fita da gudun kusan mita 120 a daƙiƙa. In na'urar awon gudun ƙwallo na hawa tana sauka, galibi iska ce ke zurarewa.

Wannan bututun alminiyam yana da zoben roba a ciki wanda ke toshe gaɓar kan silinda, kuma ya cancanci kuɗinsa. Amma a gwada tsawonsa da tsohon: gajere ba ya taɓa leɓen robar hop-up (robar da ke sa ƙwallo juyawa yayin fita), dogo kuma yana hana ƙwallo shiga. A shafa man silikon kaɗan, ban da man inji domin shi yana lalata roba. Sai a toshe bakin bututun da yatsa a tura fistan. In ya zarce ba turjiya, a duba zoben fistan.